Tumatirin da ya bar min a baho

Assalamu alaikum. Ni mace ce 'yar shekara 41, uwar yara biyar, a Jos nake zaune. Na daɗe ina son in rubuta wannan labarin, amma duk lokacin da na ɗauki waya sai in ji ƙirjina ya yi nauyi in ajiye. Abin da ya sa na daure yau, ƙanwar wata ƙawata ce ta shiga takaba makon jiya. Na je gaisuwa na tarar da ita a kusurwar ɗaki ta ƙura wa bango ido, ana magana ba ta ji. Ina ganinta na ga kaina a ƙarshen 2019.

A Gangare aka haife ni. Kakanmu daga ƙasar Kano ya zo zamanin haƙar kuza, mahaifina kuma tela ne, don haka a gidanmu babu mai riƙe fartanya. Masu lambu dai muna ganinsu a bakin kogin Dilimi, cikin sanyin Disamba, wando a naɗe, ƙafa duk faso, suna jan ruwa. Suna kwaso toka da shara daga cikin gari su zuba a gonakinsu, mu kuwa mu toshe hanci mu wuce muna dariya. A raina na yanke cewa lambu sana'ar wanda ya rasa abin yi ce. Da wannan tunanin na girma, da shi kuma aka kai ni ɗaki a 2003.

Maigidana direba ne. J5 yake ja, yana ɗaukar kayan gwari daga kasuwar Farin Gada zuwa Mararaba da Abuja: kabeji, karas, koren wake, tumatir, dankalin turawa. Farkon aurenmu haya muke a wata unguwa da Musulmi da Kirista ke cuɗe da juna. Rikicin Nuwamban 2008 ne ya tashe mu, da kayan jikinmu kawai muka fita. Bayan shekara biyu ya sayi ɗan fili a bayan Rikkos, ya gina ɗaki uku da kicin, ya haƙa rijiya, ya bar baya fili. Ni a lissafina wurin shanya ne da wasan yara. Shi kuwa ashe da wata manufa ya bar shi.

Duk dawowar da zai yi sai ya shigo da wani abu. Yau buhun baƙar ƙasa, gobe kashin shanu daga 'Yan Shanu, jibi ƙwallon fiya da ya tsinta ya ce zai binne. Ƙasar wurin ja ce mai tsakuwa, ka haƙa kamu biyu ka ci karo da dutse, amma sai da ya fitar da kwami bakwai. Mun sha faɗa a kan wannan lambun. Ina ce masa mutumin da kullum yake cikin tumatir, har fasasshe ake ba shi kyauta a kasuwa, me ya yi masa zafi da zai cika min gida da taki da ƙuda? Sai ya ce wanda ka shuka daban yake. Ni kuwa ban ga bambancin komai ba.

Farkon Nuwamban 2019 ya yi shirin fita da asuba. Kwana goma kafin nan ya yafa irin tumatir, wanda ake kira UTC, a wani tsohon baho da gindinsa ya tsage, har sun fito sun yi ganye bibbiyu. Yana ɗaura agogo ya ce, "Don Allah ki riƙa yayyafa musu ruwa da yamma, kada ki kwarara, kwana biyu zan yi." Ina shirya yara makaranta, raina a ɓace saboda wata 'yar magana ta daren jiya, na ce, "Da ɗawainiyar yaranka zan ji ko da ta ciyayinka?" Ya yi dariya ya ce, "Ai za ki ci miyarsu." Ya sa kai ya fita.

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Wajen ƙarfe goma aka kira yayansa, wata babbar mota ce birkinta ya tsinke a gangaren Hawan Kibo ta bi ta kansu. Kafin la'asar an kawo shi, kafin magariba an kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Kwana ukun farko ba zan iya cewa ga abin da ya faru ba. Na san gida ya cika, na san ana cewa "ya haƙuri" ina cewa "sai godiya", shi ke nan. Matan da ke girkin sadaka suka ture bahon nan can jikin katanga don su kafa murhu. Ban tuna da shi ba. Ko in faɗi gaskiya, na tuna sau ɗaya na kawar da kai, domin tuna shi yana dawo min da amsar da na ba mai shi.

Surukata, Hajiya, ta taso daga gidan babban ɗanta ta ce za ta zauna da ni har in fita takaba. Ba zan ɓoye ba, ban so ba. Shekara goma sha shida muna zaman gaisuwa da kunya, babu faɗa, babu kuma sakin jiki. A dare na huɗu barci ya ƙi zuwa, wajen kiran sallar farko na fito zan yi alwala, sai na ji motsi ta baya. Na leƙa. Hajiya ce tsugune a gaban bahon, da buta a hannu, tana tsiyaya ruwa a tafinta tana yarfawa a hankali kan 'yan tsirran da duk sun kwanta. Kuka take, amma ba sauti, kafaɗunta kawai ke rawa. Tsohuwar da tun da aka kawo gawar ɗanta ba wanda ya ga hawayenta, ita ke ba mutane haƙuri. Na tsaya na rasa gaba na rasa baya. Ba ta waiwayo ba ta ce, "'Yar nan, zo ki riƙe min fitila." Na riƙe mata. Da ta gama ta ce, "Hannunsa ne na ƙarshe a gidan nan. Kada mu bari su bi shi."

Cikin tsirran da suka kai ɗari, talatin da 'yan kai ne suka farfaɗo.

A wani ƙauye kusa da Tilden Fulani Hajiya ta tashi, mahaifinta mai lambu ne, ashe gado ɗanta ya yi ban taɓa tambaya ba. Ita ta koya min dashe. Ta ce sai tsiro ya yi ganye huɗu ko biyar, ya kai tsawon taƙi. Ta ce da yamma ake yi, in rana ta yi sanyi, don su kwana su huta kafin su haɗu da zafi. A jiƙa bahon tukuna don saiwa ta fito da ƙasarta, a binne kara ya ɗan nutse fiye da yadda yake a da saboda jikinsa ma yana fitar da saiwa, a bar tazarar kamu guda tsakanin wannan da wancan. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana nuni da sanda, ni da babban ɗana, lokacin yana da shekara 15, muna aiki. Washegari da rana na ga duk sun yi laushi, na ruga na ce mata sun mutu. Ta ce, "Ke da aka kawo ki gidan miji ba kwana uku kika yi kina kuka ba?" Ranar na fara yin dariya tun rasuwar.

Wadda ba ta yi takaba ba ba za ta gane tsawon wata huɗu da kwana goma ba. Ba kwalliya, ba turare, ba fita sai da larura. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ke cin mutum shi ne lokaci, musamman tsakanin la'asar da magariba, sa'ar da ka saba jin ƙarar mota a ƙofar gida. Bayan sadakar arba'in kuma ƙafa ta ɗauke, kowa ya koma harkarsa, ba kuma laifinsu ba ne. A lokacin na gane abin da ke hana ni kwanciya in ja bargo in ƙi tashi. Tumatir ba ya jiran ka gama baƙin ciki. In ba ka tashi ba zai kwanta, kuma da idonka za ka gani. Kullum bayan sallar asuba sai na ja guga ashirin, cikin hunturun Jos da yake sa yatsu su ƙage. Abin mamaki, ruwan rijiya a wannan lokacin da ɗuminsa yake fitowa, har tururi yake. Nakan bar hannuna a cikin bokiti na ɗan lokaci kafin in ɗauka.

Kuskure kuwa na tafka. Wata rana Hajiya ta je asibiti, na ga kamar ba sa saurin girma, na sa yaro ya karɓo min kashin kaji ɗanye a maƙwabta na zuba a gindin layi guda. Kwana biyu ganyen ya ƙone kamar an watsa masa ruwan zafi, guda takwas suka tafi. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, ta ce kashin kaji wuta ne, sai an tara shi gefe ya yi wata biyu ko uku ana ɗan jiƙa shi ana juyawa, ya daina wari ya koma kamar ƙasa. Sai kuma kajin maƙwabta da ƙadangaru da suka mai da mu gidan abinci. Tsohon gidan sauro muka kafa da sanduna, ya yi mana maganinsu. Da tsirran suka yi tsayi muka kafa wa kowanne kara, muka yayyage wani tsohon zane muna ɗaurewa sako-sako.

A cikin wata na biyu na yi baƙuwar da ban zata ba. Tsohuwar maƙwabciyarmu ce ta gidan haya, Kirista, 'yar ƙabilar Birom, wadda rabona da ita tun ranar da muka gudu a 2008. Mutanen Jos sun san abin da ake nufi in an ce mace ta tsallako daga waccan unguwar zuwa wannan ita kaɗai. Ta yafa gyale ta shigo tana cewa, "Amarya, sai yanzu na ji." Amarya take kirana tun 2003, ga ni da yara biyar. Muka rungume juna muka yi ta kuka. Da za ta tafi ta ga lambun, ta ce ashe bai daina ba, tun a gidan haya yake shuka albasa a gwangwani. Bayan mako ta aiko ɗanta da ƙullin irin latas da na kabeji, da tsiron sitiroberi guda shida a leda, daga wurin danginta na Vom. Huɗu suka kama. Har yau zuriyarsu ce a tsofaffin tayoyi jikin katangata, domin ita sitiroberi da kanta take miƙa hannu ta kafa 'ya a gefe, kai dai ka yanke ka dasa.

Maganar kuɗi kuma. Motar ba tasa ba ce, ta ubangidansa ce. Abin da aka samu na gaisuwa ya tafi a kuɗin makarantar zango na biyu. Hajiya ta sa muka yafa alayyahu a kwami biyu, ta ce shi ne abokin talaka, mako uku zuwa huɗu ka fara yanka, in ka yanka sama ka bar gindi ya sake tohowa. Ranar da wata yarinya ta yi sallama ta ce wai a ba da alayyahun hamsin, kunya ta kama ni kamar in nutse. Na yanko mata na ce ta mayar da kuɗin. Tana fita Hajiya ta ce, "'Yar nan, kunya ba ta biyan kuɗin makaranta. Sadaka daban, ciniki daban. Gobe in ta dawo ki karɓa." Ta dawo, na karɓa. Naira hamsin ɗin nan na daɗe ina juya ta a hannu. Tunda nake ban taɓa sayar da ko ƙuli-ƙuli ba.

Tumatirin farko ya nuna a watan Fabrairu. Sanyin Jos yana sa shi nawa, na ƙosa har na fara zargin ko ba zai ja ba. Autata, tana da shekara biyu, ita ta gano shi a ƙasan ganye ta tsinko ta kawo min a hannu. Bayan kwana huɗu muka tara kwano guda, na yi miyar dage-dage da shinkafa. Na zuba wa kowa, na zauna da nawa a gaba, na kai loma ɗaya sai maganarsa ta faɗo min, ai za ki ci miyarsu. Na kasa haɗiyewa. Hajiya ta dube ni, ban taɓa gaya mata abin da ya gudana tsakaninmu a safiyar nan ba, sai ranar. Na gaya mata duka, har amsar da na ba shi. Ta yi shiru, can ta ce, "Da dariya ya fita ko?" Na ce eh. Ta ce, "To ci abincinki."

Na fita takaba tsakiyar Maris na 2020. Ko wata ban yi ba aka rufe gari saboda korona, na sake komawa cikin gida, wannan karon da kowa da kowa. A kullen nan ne lambun ya nuna kansa. Muna da masara da 'yar shinkafa, abin miya kuwa daga bayan ɗaki: tumatir, lawashi, alayyahu, latas. Ta kan katanga maƙwabta ke miƙo kwano, wata ta ba ni manja in ba ta ganye, wata daddawa. Rijiya ta ja baya sosai a lokacin, sai muka koma tara ruwan alwala da na wankin shinkafa a bokiti muna ba su. Ruwan wanki mai omo ne kawai Hajiya ta hana. Muka rufe gindin shukar da busasshiyar ciyawa don ƙasa ta riƙe laima, da haka muka kai ga ruwan farko a Afrilu.

Sai rabon gado. Malamai suka zo suka yi yadda shari'a ta ce: ni tumuni, Hajiya sudusi, saura na yara, namiji rabon mace biyu. Gidan ne kaɗai dukiyar, Hajiya ta ce ta bar wa jikokinta nata. Bayan an watse yayan marigayi ya ce yana da shawara. A share lambun, ya nemo bashi a gina ɗaki biyu a zuba 'yan haya, marayu su riƙa samun na shiga duk shekara. Yau in na duba, maganarsa ba ta da aibu, lissafi ne na mai hankali. Amma a ranar ji na yi kamar ya ce a tone kabarin ƙaninsa. Na ce, "Yaya, wanda ya dasa bai yi shekara a ƙasa ba har an fara auna filinsa?" Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Allah Ya ba ki haƙuri," ya sa takalmi ya fita. Wata bakwai bai taka gidan ba, saƙo kawai yake aikowa ta hannun yara. Mutumin da shi ya je ya ɗauko gawar, shi ya biya bashin da marigayi ya bari ban ma sani ba sai daga baya. Wannan maganar tana cikin abubuwan da nake nadama a rayuwata. Sai da azumi ya zo na shirya na je har gida na durƙusa na ba shi haƙuri.

Wataƙila don in nuna masa lambun ma zai iya riƙe gida ne na yi gangancin da na yi a 2021. Na ga bidiyon noman buhu a Facebook, na ga an ce da buhu ɗari mace za ta zama hajiya. Na kwashi adashina gaba ɗaya, na ƙara da rance wurin wata 'yar uwa, na sayi buhunan siminti 150, ƙasa, taki da iri. Na jera su har tsakar gida, ko wurin shanya ban bari ba, ni da nake faɗa a kan wurin shanya. Na dasa a watan Yuni, ina murna ba ni ba jan guga, ruwan sama zai yi min aiki. Hajiya ta ce, "Tumatirin rani da damina?" Na ce ai zamani ya canza. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Har ƙarshen Yuli abin gwanin sha'awa, kore shar, fure ko'ina. Da Agusta ta shiga, aka yi kwana da kwanaki ana yayyafi ba rana, irin na Jos da hazo ke sauka har ƙasa. Wata safiya na ga tabo ruwan ƙasa a ganyayen da ke ƙasa. Kwana uku ya hau kara, ya yi baƙi. Kafin mako biyu duk buhunan sun zama kamar an babbake su, 'ya'yan suna ruɓewa tun suna kore. Ko kwando ɗaya ban cire ba. Na zauna a bakin rijiya na yi kukan da ban san na tumatir ne ko na wani abu ba. Ga bashi, ga kunyar Yaya, ga yara suna kallona.

Bayan kwana biyu na sa hijabi na ce wa ɗana ya raka ni bakin Dilimi. Wurin mutanen nan da nake toshe wa hanci ina yarinya. Muka sami wani dattijo yana gyaran kwami, na gaishe shi, na buɗe leda na nuna masa ganyen. Bai ko karɓa ba ya ce, "Hajiya, kin cusa su wuri ɗaya ko? Kin huda gindin buhun?" Ban huda ba. Ya yi min bayani tiryan-tiryan: ciwon nan laima da sanyi yake so, shi ne kuma yake cinye wa manoman Bokkos da Mangu dankali da damina. In ganye ya kwana a jiƙe ya wuni a jiƙe, iska ba ta ratsawa, to an shimfiɗa masa tabarma. Masu yin tumatirin damina iri daban suke nema, kuma feshi suke tun kafin ciwon ya bayyana. Ya ce in dai don gida ne, in bar wa damina abin da take so: kuɓewa, yakuwa, rama, kabewa, alayyahu, masara. Tumatir da latas da karas da kabeji in jira Oktoba. Ya kuma ce in yi ƙoƙari in gama kwashe tumatir kafin zafin Maris da Afrilu, lokacin da sharon ke tashi, tsutsar nan da ke shiga tsakiyar ganye ta yi masa zane fari, wadda ta yi ɓarna a Kano da Kaduna da nan Filato a 2016. Na ɗauko ɗari biyar zan ba shi, ya ce in saya wa marayu biskit.

Shekara ɗaya da rabi na yi ina biyan bashin nan da kuɗin awara, wadda na fara soyawa a ƙofar gida. A 2022 ni da kaina na je na ce wa Yaya a gina shago ɗaya ta gaba. Ya ci kwami biyu cikin bakwai, kuma kuɗin hayarsa ne ke biyan makarantar 'yan matana biyu. Manema aure ma sun fito, har da wanda na ɗan ji shi a raina, amma kowanne sharaɗinsa in tare a gidansa in bar yaran wurin dangin ubansu. Ban ce kowace mace ta yi yadda na yi ba, aure rufin asiri ne. Ni dai na duba na ga ba zan iya ba.

Kada wata ta karanta wannan ta ɗauka lambun bayan ɗaki yana riƙe gida mai yara biyar. Ba ya riƙewa. Masu cewa haka a intanet iri suke sayarwa. Abin da yake yi shi ne ya cire maka kuɗin kayan miya a yawancin watannin shekara, ya ba ka ɗan na sabulu. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 komai ya tashi, da kuma tsadar tumatirin da aka yi a tsakiyar 2024 har mutane suka koma miyar karas da gauta, mu kauɗar da na shanya tun Fabrairu muke jiƙawa. Nakan yanka shi biyu in barbaɗa ɗan gishiri in baza a kan kwano, iskar rani ta busar da shi cikin 'yan kwanaki.

Yanzu kwami biyar gare ni da buhu ashirin, duk a huje. Akwai attaruhu da tattasai, akwai zogale uku da sanyi ke kaɗe wa ganye duk Disamba su dawo da bazara. Gwanda na dasa huɗu, biyu suka fito maza, fure kawai suke ba 'ya'ya, na sare ɗaya na bar ɗaya saboda matan. In ƙwari sun taso nakan daka ganyen dogon yaro in jiƙa ya kwana, in tace in sa ɗan sabulun wanka in fesa da yamma. Ba ya kashe komai da komai, amma yana ragewa, kuma ba na fargabar autata ta tsinki abu ta kai baki. Ƙanƙara ta taɓa sauka ta farfasa min kabeji cikin minti goma, wannan kam ba ta da magani sai innalillahi.

Fiyar nan da ya binne ƙwallonta, wadda na sha cewa a sare don tana cinye wuri, sai da ta shekara tara kafin ta yi 'ya'yan fari, guda goma sha ɗaya. Hajiya tana kwance lokacin, ba ta iya cin abu mai tauri. Na murje mata rabi a cokali ta sha, ta ce a kai wa Yaya uku. Bayan wata biyu ta rasu, a ɗakina, domin tun zaman takabar nan ba ta koma ba. Allah Ya haɗa ta da ɗanta a Aljanna. Kujerarta 'yar tsugunno tana nan inda take zama, a kanta nake tsinke alayyahu.

Shekaranjiya na koma gidan yarinyar nan mai takaba. Na sami wani tsohon baho na huda gindinsa, na cika da ƙasa, na yafa alayyahu, na sa ɗana ya ɗauko min a Keke. Na ajiye a ƙofar ɗakinta na ce, "Ƙanwata, ga amana na kawo miki, da yamma ake yayyafa masa ruwa, kada ki kwarara." Ba ta ce komai ba, ko kallonsa ba ta yi ba. Da zan fito na ja mahaifiyarta gefe na roƙe ta kada ta ba shi ruwa, kada kuma ta bari yara su ba shi. Ta dube ni kamar ba ta gane ba, amma ta ce to. Ranar Juma'a zan koma in gani.